Kaka Ta Ce Ta Ji

Ranar wata Laraba ce cikin damina, shekarar da aka canza kuɗin Ghana aka zubar da sifilai, ina aji huɗu a firamare, aka hana ni zuwa makaranta don in raka Kaka wani ƙaramin asibiti da ke can bayan babban gota, wato magudanar ruwan da ta raba Nima da Mamobi. Mma ta tafi rumfarta ta atamfa a Tudu tun da asuba, Kawu Isifu yana kan turoturonsa, ƙaramar bas ɗin da yake haya da ita, don haka ni, Adiza, 'yar shekara tara, ni ce mai Turancin gidan. Kaka, mahaifiyar Mma, ta shekara arba'in a Ankara amma ba Turanci, ba Tuwi, ba yaren Ga, Hausarta ta Tawa da ta taho da ita daga Nijar kawai take ji. Mun yi zaman benci har cinyata ta yi tsami kafin aka kira mu. Wata nas doguwa, wadda gajiya ta bayyana a idonta, ta duba katin Kaka, ta ce masu ciwon suga sai an duba musu ƙafa, don ciwon yakan kashe ƙafa tun mai ita yana tafiya a kanta. Ta sa Kaka ta cire silifas ta ɗora ƙafafu kan kujera ta rufe ido, sannan ta ɗauko wani siririn zare mai tauri, irin na kamun kifi, ta dangwala shi a tafin ƙafar. Ta ce da ni da Turanci in tambayi tsohuwa ko abin ya taɓa ta. Na gyara tsayuwa, na share murya, na ce, "Kaka, kin ji?"

Kafin in faɗi amsarta sai na bayyana abin da ke raina a lokacin, don a nan duk abin ya lalace. Mu 'yan Zango Hausarmu ba ta san mace ba. Kowa "ka" ne, kowa "ya" ne. Mma ya tafi kasuwa, Memuna ya ci waken, Kaka ka tashi lafiya. Haka muka tashi muka ji ana yi, kuma ba mu ga aibunsa ba. Kaka kuwa abin yana ci mata rai ba kaɗan ba. In na ce mata "ka", sai ta shafa haɓarta ta ce, "Ke Hadizatu, duba min nan, gemu ya fito ne?" 'Yan gida su fashe da dariya, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sha alwashin wata rana sai na yi mata Hausarta daidai a gaban mutane. To ga ranar ta zo, ga nas, ga mutane a bakin ƙofa suna leƙe, ni kuwa hankalina gaba ɗaya yana kan kada bakina ya suɓuce in ce "ka". Ban tsaya na tuna cewa a Hausa abin da kunne ke yi da abin da fata ke yi duk "ji" ne ba.

Kaka, idonta a rufe, ta yi murmushi har haƙorin makkanta ya fito, ta ce, "Na ji, 'yar albarka." Na juya na ce da nas e. Ta matsa zaren zuwa babban yatsa, na sake tambaya, Kaka ta sake cewa ta ji. Diddige, gefen ƙafa, ƙafar hagu, wajen sau goma, kowane "kin ji" na fito da shi tsaf kamar 'yar Kano, kowane kuma Kaka ta amsa min da daɗin rai. Nas ta rubuta a kati, ta ce ƙafa lafiya lau, a dawo bayan wata shida, ta kira na gaba. A hanyar gida Kaka ta saya min rake, tana ta gaya wa duk wanda muka haɗu da shi cewa yau jikarta ta yi Hausa. Wallahi ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Gidanmu irin gidan haya ne na Nima, ɗakuna goma sha wani abu sun kewaye tsakar gida ɗaya, igiyoyin shanya sun ratsa sama, kowace ƙofa da murhun gawayinta. Kaka ce mai koko da ƙosai a bakin lungu. Aikina kullum shi ne kai gero inji, tace gasara, jera kofuna, da ɗebo ruwa a famfon maƙwabta kafin layi ya yi tsawo. In na gama sai mu zube da ƙawata Memuna a bayan banɗaki, mu yi ampe, wasan tsalle da tafi, har ƙafa ta gaji, sannan mu koma kan wasan da muka fi so. A jikin katangar wajen, inda ruwan wanka ke bi, akwai wata ciyawa mai ƙananan ganye a jere da fure ja-ja kamar tuntu, muna kiranta ciyawar kunya. Da ka taɓa ta da ɗan yatsa sai ganyen su rufe ɗaya bayan ɗaya, reshen ya sunkuya. Mu ja da baya mu yi shiru, can sai ta buɗe a hankali, mu sake taɓawa. Mun gwada ta da tsinke, da iskar baki, da ɗigon ruwa, har da ashana mai wuta daga nesa, duk tana janyewa. Kaka in ta gan mu sai ta ce, "Ku ƙyale ta ta huta, ku ma in an tsikare ku ai janyewa kuke."

Ni kuwa na san wadda ba ta janyewa, ban dai san abin damuwa ba ne. Bayan la'asar ni nake shafa wa Kaka man kaɗe a ƙafa. Ni mutum ce mai cakulkuli, ko inuwar hannu ta nufo tafin ƙafata sai na yi tsalle, don haka nakan sosa nata da gangan don in ga ta yi dariya. Ko motsi. Sai na ɗauka manya ne ba su da cakulkuli. Sau biyu ta dawo daga bakin lungu da silifa ɗaya, ɗayar ta fita a hanya ba ta sani ba, muka yi ta dariya ni da Memuna muna bin lungu muna nema. Tafiyarta ma ta canza, tana dafa bango, tana kallon ƙasa kamar mai neman allura, in ta ɗaga kai sai ta yi tangaɗi. Ga shan ruwa ba iyaka, ga zuwa bayan gida, ga tururuwa da ke taruwa a inda ta tsuguna. Duk waɗannan a gaban idona suka faru, ina ganinsu ɗaya-ɗaya, ban iya haɗa su ba.

Bayan zuwanmu asibiti da kamar mako shida, wata safiya ana cikin cinikin koko, mutane sun yi layi da kofuna da robobi, sai na ji ƙauri. Na duba kaskon ƙosai, lafiya. Na duba ƙasa, sai na ga garwashi ya faɗo daga murhu ya shiga tsakanin silifar Kaka da tafin ƙafarta, robar tana narkewa, hayaƙi na tashi, ita kuwa tana zuba wa wani makaniki koko tana tambayarsa jikin matarsa. Na ƙwalla ihu na ture ƙafar. Mutane suka yi ca, wani ya watsa ruwa, wata ta kawo man goge baki. Kaka ta leƙa ƙafar kamar ta wani ce, ta ce ba komai, ta ci gaba da zuba koko. Nan take aka shiga yabonta. "Kai, mutanen Arewa akwai dauriya!" "Tsofaffin da ke nan, ba irin yaran yanzu ba." Kaka ta sunkuyar da kai tana murmushi, don a wurinta mace ta nuna ciwo a bainar jama'a abin kunya ne, kuma ina jin ita kanta ta yarda dauriyar ce. Ni kaɗai ce ban yi murna ba, don na kalli yatsunta lokacin da wutar ke ci, kuma ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Mai dauriya yakan cije leɓe, amma ƙafarsa takan zabura kafin ya yi tunanin daurewa. Ko ciyawar bayan banɗaki ta fi ƙafar nan motsi.

Da yamma na sami Mma tana tuƙa tuwo, na ce mata ƙafar Kaka ba ta ji. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ba kai ka kai shi asibiti ba? Ba nas ya ce ƙafa lafiya ba? Tafi ka wanke kwano." Na je wurin Kawu Isifu yana wanke motarsa, ya ce in an bar yaro ya yi Turanci kwana ɗaya sai ya zama likita. Ban ga laifinsu ba, ga kati a ƙarƙashin katifa da rubutun nas a jiki, kuma da bakina aka rubuta shi. Aka yi ta wanke ƙunar da ruwan gishiri, ana shafa zuma, ana ɗaurewa da tsumma. Da yake ba ta yi mata zafi, Kaka ba ta kwanta ko kwana ɗaya ba, kullum tana tsaye a kanta tun asuba, tana taka ruwan lungu. Ni ke kwance tsumman, ni na ga bakin ciwon yana faɗi, yana baƙi, ni na fara jin warin. Kullum sai na faɗa, kullum sai a ce ai ba ta kuka da shi. Na rasa wanda zan gaya wa, na rasa ma yadda zan faɗa, sai in je bayan banɗaki in zauna ina taɓa ciyawar nan ina kuka.

Sai da zazzaɓi ya kayar da ita, ƙafar ta kumbura har ƙwauri, aka saka ta a turoturon Kawu zuwa babban asibiti. A nan ma ni ce tafinta. Likitan ya sa ta rufe ido, ya danna ƙafa mai lafiyar da bakin biro, ya ce da Kaka ta nuna masa da hannu inda ya taɓa. Kaka tana ta jira, can ta ce, "Ya fara ne?" Ya dubi tsohon katin, ya dube ni, ya tambaya a hankali yaya aka yi aka rubuta tana ji. A daidai lokacin na ji a raina muryata tana cewa "kin ji", na ji tata tana cewa "na ji, 'yar albarka", na gane ni take ji, ba zaren ba. Bayan kwana uku aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

A shekara ta gaba malaminmu na kimiyya ya shigo aji da ciyawar kunya a gwangwanin madara. Ya taɓa ta, ta rufe, yara suka yi ta shewa. Ya ce duk mai rai yana da hanyar sanin abin da ya taɓa shi don ya kare kansa, mu namu jijiyoyi ne masu kai saƙo daga fata, kuma zafi ba abokin gaba ba ne, gargaɗi ne. Ya ce jiki kullum yana cikin aikin daidaita kansa, zafi da sanyi, ruwa da gishiri, sukarin da ke cikin jini kada ya yi yawa kada ya yi kaɗan, yadda mai koko ke ɗanɗanawa tana gyarawa. In daidaiton ya ɓaci ya daɗe, jijiyoyin nesa, na ƙafa, su ke fara mutuwa. Na rubuta duka a littafina da kyakkyawan rubutu. Na ci jarrabawar ma, na fi kowa maki, na kawo takardar gida na cusa ta ƙarƙashin akwati ban nuna wa kowa ba.

Kaka ta rayu shekara huɗu bayan haka, a kan tabarma a ƙofar ɗaki, tana soya ƙosai a zaune. Na daɗe ina ɗauke da maganar kafin wata rana, ina shafa mata mai a ƙafar da ta rage, na faɗa mata duka, cewa nas zaren take tambaya, ni ce ban iya tambayar ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "To ai ban yi miki ƙarya ba, Hadizatu. Kin tambaye ni na ji, kuma na ji ki. Ranar ce kika fara kirana mace." Ta ce in ci gaba da shafawa, ko ba ta ji tana so.

Yau an shafe bayan banɗakin nan da siminti an kafa shagon cajin waya, ciyawar kunya sai dai a waya yarana ke ganinta. Mma ce yanzu ke da ciwon, ni nake kai ta asibiti, kuma na karanta isasshe na san mai yiwuwa ko da na yi tambayar daidai ƙafar Kaka ta riga ta yi nisa. Mai yiwuwa ne kawai, kuma ba wanda zai iya tabbatar min. Duk Juma'a bayan la'asar nakan sa Mma ta rufe ido, in ɗora yatsa a tafin ƙafarta, in ce ta nuna min inda na taɓa. Takan yi tsaki ta ce, "Kai dai Adiza ka cika fitina, ka tambaye ni mana ko na ji." Ba na tambayarta. Ina dai riƙe da ƙafar, ina jira yatsun su motsa.