Balan-balan ɗin Tijjani Yalwa

Tijjani Yalwa tela ne a unguwar Tandabawi, a ƙasa mai tsarki, maƙwabcina shekara tara. Ta Sudan ya zo da ƙafa, ya yi hajji, ya zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. A Sudan ɗin ya koyi haɗa balan-balan na takarda, mai tashi sama idan an kunna tsumma a gindinsa. Sau ɗaya yake tayar da shi a shekara, bayan an sauko daga Mina.

Mutum ne mai tsoron wuta. Gidajenmu katako ne da kwano da buhuna, kuma in gobara ta tashi askarawa za su zo, su tambayi kowa takarda. Don haka yakan shafe bakin balan-balan ɗin da ruwan alif don kada ya kama, ya ajiye bokitin yashi da jiƙaƙƙen buhu, ya watsa ƙasa ya ga inda iska ta nufa. Bai taɓa sakinsa babu igiya ba.

A 1964 matarsa Shatu ta ari igiyar ta shanya naman hadaya, kamar yadda matanmu ke yi, ta mayar ba ta faɗa ba. Igiyar ta sha kitse.

Bayan la'asar ya kunna. Abin ya kai tsayin gida uku, sai wuta ta lashi igiyar, ta tsinke.

"Shatu, me ya taɓa igiyar nan?"

"Nama ne kawai, Malam."

"Nama! Kin soya mu, wallahi!"

Ya suri buhun ya bi lungu, ina bayansa da bokiti. Balan-balan ya karkata, ya sauka kan rumfar Hajara mai ƙosai, tsohuwa ce, tana ciki tana salla. Buhunan rufin suka kama. Tijjani ya haye, ya danne da nasa buhun. Da buhun ya bushe sai ya ci gaba da tafin hannu.

"Alhaji, sauko!" in ji ni.

"Miƙo yashin, ya shaihu, bar surutu!"

Wutar ta mutu kafin hayaƙi ya kai titi. Askari ko ɗaya bai leƙo ba.

Hannayensa sun sale, amma ya ƙi asibiti, don can ma takarda za a tambaya. Hajara ta yi ta shafa masa zuma har wata biyu. Yatsunsa uku suka manne, allura ta gagare shi. Ya sayar da keken ɗinkin, ya koma sayar da shayi a unguwar Jarwal, Shatu ke ɗaura masa ƙullin sukari kowace safiya har ya rasu.