Ranar da Ƙasa Ta Ɓace wa Jemage

Jemage ake ce wa yayana tun yana ɗan shekara biyar. Babanmu mai walda ne, ya haɗa wa Umma ƙarfen shanya a tsakar gida, Yaya kuwa ya mayar da shi wurin zamansa. Sai ya saƙala ƙafafu a jiki, kai a ƙasa, yana kallon mutanen gida a kife. Umma ta yi faɗa, ta yi duka, har ta gaji. Wata rana malamin wasanni na makarantarsu ya gan shi yana tafiya da hannu a bakin baranda. Maimakon ya zane shi, sai ya kai shi zauren 'yan alkafura da ke bayan babban filin wasa, ya damƙa shi a hannun wani gajeren mutum mai furfura a gira, mai horar da su, wanda ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Koci.

Ni ce autarmu, shekara uku Yaya ya ba ni. Na tashi ina ganin kayansa fari fat da garin allin da suke shafawa don kada hannu ya zame. Tafukansa sun yi kanta kamar dunduniya, idan fatar ta saɓule sai ya naɗe da bandeji ya koma. Wasa shida maza suke yi a gasa, amma inda ya fi ƙwarewa shi ne doguwar sandar ƙarfe, wadda ake gittawa a sama, nisanta da ƙasa ya kusa kai tsayin mutum biyu. Mutum zai kama ta ya yi ta juyi kamar fanka, ya sake ta ya tashi sama, ya sake cafke ta, a ƙarshe ya yi alkafura ya diro kan katifa. Yana shekara goma sha tara ya zama zakaran ƙasa a kanta. Yana ashirin da biyu aka yi masa aiki a kafaɗa. Da ya warke, ya shiga gwajin zaɓen waɗanda za su je babbar gasar duniya da ake yi duk shekara huɗu, ya rasa gurbin da abin da bai kai rabin maki ba. Bai yi kuka ba. Washegari da safe ya ɗauki jakarsa ya koma zaure.

Shekara huɗu ya yi yana jiran gwaji na gaba. A cikinsu ya yi aure, aka haifa masa 'ya, ni kuma na zama ma'aikaciyar jinya. Saura sati uku a yi gwajin, sai ga shi a ƙofar asibitinmu da azahar, wai ya zo ɗaukata. Na shiga mota, bai tayar ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba.

"Auta, akwai ciwon da ke sa mutum ya manta inda ƙasa take?"

Na yi dariya na ce, "Wanda ya girma kai a ƙasa yake tambayata?"

Bai yi dariya ba. Ya ce shekaranjiya ya saki sanda zai diro, dirowar da ya yi sau dubbai: alkafura biyu haɗe da murɗa jiki sau biyu. Yana tsakiyar iska sai komai ya ɗauke masa. Bai san ina sama ba, bai san ina ƙasa ba, bai san sau nawa ya juya ba. Da ƙeya ya sauka. Allah ya sa cikin ramin soso ne da suke atisaye a kai, ba kan katifar gasa ba. Jiya ya sake gwadawa sau uku, duk haka.

Na kai shi wurin likita, aka duba kunne, aka duba ido, aka ɗauki hoton kai. Lafiya lau. Da muka je wurin Koci, bai yi mamaki ba, ya dai daɗe yana murza gira.

"Na gani sau biyu a rayuwata," in ji shi. "Jiki ne ke daina jin maganar kai. Ɗaya ya dawo daidai cikin kwana goma."

"Ɗayan fa?" na tambaya.

"Ɗayan ya ƙi jira. Yanzu a keken guragu ake tura shi."

Koci ya mayar da Yaya aikin 'yan koyo. Ya ɗaura masa igiya a ƙugu yana riƙe, alkafura ɗaya, miƙe, babu murɗawa. Wannan tana zuwa. Da zarar an ƙara murɗawa sai ya ɓace. Cikin kwana ashirin, sau biyu kacal ya samu babbar dirowar daidai. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa a gida, na yi shiru, amma abinci ya daina wuce mini. Umma ta ritsa ni a kicin ta ce, "Ke da yayanki me kuke ɓoye mini?" Na faɗa mata komai.

Umma ba ta taɓa kallon wasansa ba, ko a talabijin, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ranar gwaji ita ta riga kowa shiryawa. Ba ta ce masa kada ya yi ba. Abin da ta ce kawai, da yake ɗaure takalmi, shi ne, "Ɗauki 'yarka ka riƙe kafin ka fita." Ya ɗauka, ya daɗe, ya miƙa wa matarsa.

Mutum biyu za a ɗauka cikin goma sha biyu. A wasa biyar na farko Koci ya cire masa duk wata murɗawa mai haɗari, duk da haka ya yi ta cin maki da tsafta da ƙarfi. Da aka zo na ƙarshe, sandar ƙarfe, yana na uku, kuma tazararsa da na biyu kaɗan ce. Baba, wanda ya haddace lissafin alƙalai fiye da addu'ar shiga kasuwa, ya duƙo kunnena ya ce, "Idan ya yi babbar dirowarsa ya tsaya, ya wuce." Baba bai san halin da Yaya yake ciki ba. Umma tana gefena, kai a sunkuye, ta riƙe mini hannu har yatsuna suka mutu.

Daga inda muke ina hango Koci yana yi masa magana, yana nuna yatsa ɗaya, alamar ya tsaya a alkafura ɗaya. Yaya bai gyaɗa kai ba, bai girgiza ba. Ya tsoma hannu cikin alli, ya tafa, ya ɗaga wa alƙalai hannu. Koci ya ɗaga shi ya kama sanda.

Ya fara juyi. Ya sake ta ya tsallake ta baya, ya cafke. Jama'a suka yi ihu. Ya sake na biyu, ya cafke da ƙyar, na ji ƙarar ƙarfen har sama. Sai ya shiga juyin da ake ɗaukar gudu kafin dirowa. Sau biyu yake yi kullum, a na biyun ya saki. Ya yi ɗaya. Ya yi biyu. Bai saki ba. Ya yi uku. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan sandar. Baba ya miƙe tsaye yana cewa, "Me yake yi? Ana rage masa maki!" Koci ya matso har bakin katifa, hannuwa a buɗe, yana faɗin wani abu da ba na ji. Ya yi huɗu. Umma ta ɗago kai.

A na biyar ya saki. Ya tashi sama sosai, jiki miƙe sambal, ya yi alkafura ɗaya tak, irin wadda 'yan shekara goma ke yi, ya diro da ƙafa biyu kamar an dasa shi. Bai motsa ba. An ɗan jima kafin a fara tafi, don mutane ba su gane abin da suka gani ba.

Na huɗu ya zo. A hanyar gida Baba ya yi ta faɗa, sai da Umma ta ce, "Malam, ka bari mu isa, akwai maganar da ba ka sani ba." Da ya ji, ya shiga shagonsa ya rufe ƙofa, bai kunna injin ba har magariba.

Na tambayi Yaya daga baya ko tun farko ya yanke shawarar yin ƙaramar. Ya ce a'a. Har juyi na huɗu babbar yake niyya, yana jiran jikinsa ya gaya masa ya shirya, shiru. Ya ce, "Shekara ashirin da biyu ban taɓa yi wa jikina gardama ba, ranar ma ban yi ba."

Bayan wata biyu abin ya sake shi, haka kawai, wata safiya, ba kowa a zauren sai Koci da mai shara. Ya yi babbar dirowar sau uku a jere. Koci ya ce ya daure wata shekara huɗun, Yaya ya ce kafaɗarsa ta riga ta ba shi amsa. Ya yi kwas ɗin alƙalanci, yanzu shi ke zama bayan tebur da biro da takarda. 'Yan wasa suna kuka da shi, wai ya cika rowar maki.