Raƙumin da Jinƙai Ta Kwatanta wa Yonatan

Yonatan ɗan Markus yana da shekara goma sha huɗu sanƙarau ya kwantar da shi. Ya tashi, amma ji ya tafi. A lokacin yana koleji a Madarunfa, ubansa kafinta ne mai yi wa majami'arsu bencina, kuma kowa ya ɗauka karatu ya ƙare, sai riƙon zarto. Shi kuwa ya ƙi. Ya riƙa zama a gaba yana bin leɓen mushe, wato malaminsu, da ido, abin da ya kuɓuce masa ya kwafa wurin abokai. Magana kam yana yi, tun da ya iya ta kafin ciwon, sai dai bai san ƙarfin muryarsa ba. In ya ce zai yi raɗa, na bayan katanga ma sai ya ji.

A Maraɗi ya fara taɓa ordinatar, wato kwamfuta, a shagon wani ɗan majami'arsu mai buga wa mutane takardu. Can ya gane akwai sana'ar da ba ruwanta da kunne. Ka rubuta wa na'ura abin da kake so, ta mayar maka a rubuce, in ka yi kuskure ta nuna maka layin, ba ta gajiya da maimaitawa. Ya yi shekara da shekaru yana koyon rubuta manhaja da kansa, sannan ya dawo gida ya auri Jinƙai, mai suyar kifi a hanyar tabkin Madarunfa. Su biyu suka ƙirƙiro maganar hannu tasu, wadda ko a makarantar kurame ba za a gane ta ba. Ruwan sama yatsu ne masu sauka, fasto hannu ne a ƙirji, 'yarsu Loisa kuwa jan kunne ce, don tun tana jaririya take jan nasa.

Alhaji Tanko, shugaban wata ƙungiyar manoman gero da wake ta ƙauyukan Safo da Gabi, shi ya fara ba shi aiki na sosai. Ƙungiyar ta shirya da wani ƙaramin kamfani a Yamai mai aika wa manoma saƙo a salula: ga lokacin da ake sa ran ruwa, a yi shuka ko a dakata. Aikin Yonatan shi ne ya tattara manoman a manhajarsa ya miƙa su ga na'urar kamfanin.

A cikin manhajar, kowane manomi abu guda ne mai ɗauke da sunansa, ƙauyensa, lambar salularsa da irin da yake shukawa. In za a aika shi, sai an zazzage shi an mayar da shi rubutu a tsarin da ake kira XML, inda kowane bayani ke shiga tsakanin alamu biyu masu ɗauke da sunansa. Yonatan ya raɗa sunayen da Hausa, a haɗe ba tazara, kowace kalma da babban baƙi a farkonta: SunanManomi, IrinShuka, ƘauyenManomi. Kamfanin ya ce Hausa ba laifi.

Ya aika. Na'urar Yamai ta karɓa, ta ce ba ta ga manomi ko ɗaya a ciki ba. Ya duba, kowa na nan. Ya sake aikawa, amsar ba ta canza ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas kowace yamma, mutane sun fito da iri.

Ya rubuta wa Madam Nafisa, injiniyar kamfanin. Ita tana kan hanya a wasu ƙauyukan da rezo, wato layin salula, ba ya ɗaukar intanet, sai gajeren saƙo ya shigo: “Kira ni, abu ne na minti ɗaya.” Ya sake rubutawa, ta sake cewa ya kira. Bai taɓa gaya mata ba ya ji ba. Tsoronsa kada a ce a nemo wani.

Alhaji Tanko ya iske shi a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Ya zauna daidai fuskarsa don ya ga bakinsa, ya ce a hankali, “Ɗana, mi ya faru?”

Yonatan ya nuna masa saƙon.

“To, kai ba ka da kunne, gidanka ma babu?” in ji Alhaji. Ya leƙa tsakar gida ya yi kira. “Jinƙai! Aje kifin nan ki zo.”

Ta zo tana goge hannu a zane. Da ta ji abin da ake so, ta ce, “Baba, ni da na tsaya a aji shida? Mi na sani cikin aikinsu?”

“Ba sani aka ce ki yi ba, ɗiyata. Ki ji, ki gaya mishi.”

Ta kira. Ta gaida Madam Nafisa, ta ce ita ce matar Yonatan, maigidan ba ya ji, ita za ta isar. Madam Nafisa ta ce, “Ayya, ai da na sani! Ki ce masa fishiyensa, fayil ɗin da ya aiko, lafiya lau yake, sunayen ne kawai. Na'urarmu kamel kes take so, mu muka manta ba mu faɗa ba.”

“Kamel mi?”

Madam Nafisa ta yi dariya. “Raƙumi ke nan da Turanci. Ki ce masa raƙumi, zai gane.”

Jinƙai ta dubi mijinta. Ba su da alamar raƙumi, ba su taɓa bukatarta ba. Sai ta maƙale salula a kafaɗa, ta miƙa hannu ɗaya gaba ta lanƙwasa shi kamar dogon wuya, kan ya yi ƙasa, ta ɗora dunƙulen ɗaya hannun a bayanta, ta ɗan yi rangaji tana tauna.

Yonatan ya zuba mata ido. Can ya buga cinya ya yi wata dariya da ta sa kaji watsewa. “Kai ƙasa, tozo sama!” ya ce. “Baƙin farko ƙarami, na tsakiya manya. Wannan ne kawai?”

Shi ne kawai, salon rubuta suna da masu manhaja ke kira raƙumi. A XML, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, don haka na'urar da ke jiran sunanManomi ba ta san SunanManomi ba. Bai bi manhajar yana canza sunaye ɗaya bayan ɗaya ba, don yin haka kan ɓata wani wurin. Ya rubuta ƙa'ida guda a bakin fita, wadda duk sunan da zai shiga XML sai ta ƙanƙanta masa baƙin farko. Ya aika, manoma suka bayyana, amma babu mai ƙauye. Ƙa'idar tasa baƙaƙen Faransanci kaɗai ta sani, ta bar Ƙ mai lanƙwasa da girmansa. Ya gyara ta ta san ƙ da ɗ da ɓ, ƙauyuka suka fito. Saƙon farko ya ce a dakata, ruwan da zai zo ba na shuka ba ne. Wasu sun dakata, wasu sun ce su da Allah suka dogara, suka shuka abinsu.

Madam Nafisa ba ta ƙara cewa ya kira ba. Da ta koma Yamai ta rubuto doguwar ban haƙuri, ta roƙi gyaran nasa don sauran ƙungiyoyi masu rubuta sunaye da Hausa, daga baya ta haɗa shi da wata ƙungiyar ta wajen Ɗan Issa.

Yanzu wani aikin ne a gabansa. Yawancin manoman ba sa karatu, sai sun nemi mai karanta musu, shi ya sa Alhaji Tanko ya ce a koma saƙon murya. An gwada muryar Alhaji, aka ce kamar yana faɗa. An gwada ta wani malamin gona, aka ce Faransanci ya yi yawa. Muryar Jinƙai ake ɗauka yanzu, in ta sauke kasko, ɗaki a rufe saboda kukan awaki. Yonatan yana duba zanen muryar a fuskar ordinatar yana yanke wuraren shiru, in ya ga layin ya yi tsalle sai ya tambaye ta ko tari ta yi.