Maganin Yaron Hajiya

Da aka yaye ɗana na fari, sai ya koma ɗakin Hajiya, uwar mijina. Ba wani nisa ba ne. Gidanmu na unguwar Briketeri ɗakuna ne ke kallon juna, tsakar gidan kuwa in an shimfiɗa tabarma sai a raɓa kafin a kai famfo. Daga ƙofata ina ganin labulenta, ina jin tarinsa. Amma tun daga ranar ya zama yaron Hajiya. Haka ake yi a gidansu, haka ake yi a namu can Garwa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta tambayar ko ya ci. In zan ambace shi sai in ce yaron nan. Ita kuma Hajiya "mijina" take ce masa, irin wasan kaka da jika.

Ba a daɗe da yayen ba zazzaɓi ya kama shi, ya yi jijjiga har idanunsa suka juye. Zazzaɓin ya tafi, jijjigar ta sake dawowa ita kaɗai. A asibiti aka ɗora shi a kan wani siro, maganin ruwa mai zaƙi, safe da yamma, kullum. Likitan da Faransanci ya yi bayani, maigidana yana fassarawa. Abin da na riƙe shi ne, ko yaro ya yi kama da lafiyayye kada a tsallake, in ana tsallakewa abin zai dawo.

Kwalbar ta bi yaron. Tana kan kabad ɗin Hajiya, a bayan kwanukan samira. Ni ke share mata ɗaki da safe, don haka ina ganinta, in ɗaga ta wajen taga in duba inda ruwan ya tsaya. Wata rana ya sauka, wata rana yana nan inda na bar shi jiya. Ba mugunta ba ce. Hajiya tana ganin yaro yana bin kajin maƙwabta da gudu, ba ta ga mara lafiya ba. Na taɓa jin tana ce wa matar tela, maƙwabciyarmu, an cika ɗura wa yara zaƙi a zamanin nan.

Na faɗa wa maigidana. Suya yake yi, da sassafe yake fita neman nama, ba ya dawowa sai gida ya yi tsit. Ya ce Hajiya ce ta raine su duka, ga su nan da ƙafafunsu, in kwantar da hankalina. Ban kwantar ba.

Maigidan nawa yana da ƙanwa da ta gama jami'a. Ita da abokan aikinta biyu suna da wani ɗaki a saman shago a unguwar Elig-Edzoa, suna haɗa manhajar waya, ita apli take cewa. Manhajar ta rubuta abubuwa ce don kada a manta. Ranar Asabar take zuwa gida, ta ci tuwo, ta bi kowa ta karɓi wayarsa ta saka masa. Teloli da mahautan layinmu duk ta saka musu. Tana ce mini matarmu, ina ce mata Injiniya.

"Matarmu, kawo wayarki."

"Me za ki cusa mini kuma? Na wancan karon ya cinye waje, hotunan biki ma sun ƙi buɗewa."

"Wannan mun ƙara masa abu. Ki rubuta aikin da za ki yi, ki sa lokaci, ta tuna miki."

Na nuna mata hannuwana, jajir da folere, zoɓon da nake dafawa ina ɗurawa a robobi don sayarwa. Na ce, "Ni da na tsaya a firamare? Kafin in haɗa kalma guda tukunya ta ƙone."

Ba ta jin haushi in an kushe abinta. Sai ta zauna kusa da mutum tana kallon babban yatsansa a kan wayar, tana tambaya, a ina kika tsaya, me kika zaci wannan zai yi. Bayan 'yan makonni ta dawo da wani maɓalli mai hoton makirfo. Ka danna ka yi magana, ka sa lokaci, in lokacin ya yi wayar ta maimaita maka da muryarka. Ta ce ba ni kaɗai na yi kukan rubutu ba, rabin layin ne. Ta ce in zan faɗa in faɗa a fili, wane ne, mene ne, yaushe.

Na rufe ƙofa na faɗa a fili. Na kira sunan yaron, na ce a ba shi maganinsa, cokali guda, don Allah kada a manta. Har yau ban san amfanin da na zaci zai yi ba, tunda ba ni ke bayarwa ba.

Da yamma wayar tana caji a bakin taga, ni ina tsakar gida ina cika robobi. Hajiya na kan tabarma ita da matar tela suna gyaran alayyafo. Sai ga muryata ta cika gida, da sunan da komai. Kafin in goge hannu in isa wurin ta sake maimaitawa.

Matar tela ta tafa hannu. "Iye! Yau mun ji sunan ango a bakin da ba a taɓa ji ba."

Hajiya ba ta kalle ni ba. Ta jawo yaron ta ɗora a cinya, ta ce, "Ka ji, mijina? Ashe kana da uwa a gidan nan, ba a gaya mana ba."

A wannan yammacin ba a ba shi maganin ba. Na gane dalili. In ta tashi ta ɗauko kwalbar a lokacin, to surukarta ce ta aike ta a gaban maƙwabciya.

Ranar Asabar na tare Injiniya a kicin. "Apli ɗinki ta tona mini asiri."

Ta yi dariya har ta ƙware. Da ta nitsa ta ce, "To ai ta yi aikinta, ta tuna miki."

"Ni ban taɓa mantawa ba. Da shi nake tashi, da shi nake kwana. Ba ni ce mai bayarwar ba."

"Sai ki gaya mata."

"Ke uwarki ce. Ni uwar mijina ce, kuma ɗan fari ne. Da wane bakin?"

Ta juya cokalin da ke hannunta. A ranar ta yi wa Hajiya magana da kanta. Hajiya ta ce to. Ruwan kwalbar ya sauka na 'yan kwanaki, ya sake tsayawa.

Daga baya ta ba ni labarin yadda suka yi a wurin aiki. Ɗaya daga cikin abokan nata mutumin kudu ne, ta ce ya yi ta tambaya, ɗanta ne ko ba ɗanta ba? In ɗanta ne me ya hana ta tsallaka tsakar gida ta ba shi? Yini guda tana yi masa bayanin kunya bai gane ba. Amma ɗayan ya ce ai ba sai sun gane ba, abin da matar ke nema shi ne ta aika wa wani aiki, ta kuma san an yi ko ba a yi ba. Ya ce teloli ma za su so haka saboda yaran shagonsu. A kan haka suka zauna suka haɗa.

Aka saka a wayar Hajiya, wadda take jin wa'azi da ita. Aikin daga tawa yake tashi, ya faɗa tata safe da yamma. In ta danna koren maɓalli, alama ta fito a tawa. Muryata ba za ta yiwu ba, sai Injiniya ta sa mutumin kudun ya faɗa da Hausarsa ta kasuwa: "Lokaci na magani ya yi, a ba yaro." Ba wanda ya ce wa Hajiya likita ne. Ita ta yanke haka da kanta, ba wanda kuma ya gyara mata.

Makon farko kore bai taɓa fashi ba. Na fara cin abinci da daɗi. Sai dai da na ɗaga kwalbar wajen taga, ruwan bai yi saukar da ta dace da wannan koren ba. Na zauna a ƙofata da tire ina tsince shinkafa, ina kallo. Mutumin cikin wayar ya yi magana, Hajiya ta miƙa hannu ta danna, ta ce, "Na ji, likita, na ji," ta ci gaba da jan carbi. Ita a wurinta maɓallin na sa shi ya yi shiru ne.

Da na faɗa wa Injiniya sai ta dafe kai. Ta ce wannan bai taɓa zuwa musu ba, su a tunaninsu wanda ya danna ya yi. Suka raba maɓallin biyu. Akwai "na ji", wanda ke sa mutumin ya yi shiru na ɗan lokaci ya sake dawowa. Akwai "na yi", wanda ke sallamarsa sai wani lokacin. Ta nuna wa Hajiya da launi, rawaya da kore. Na ce a raina ai sai ta riƙa danna koren ta huta. Ba ta yi ba. Na ji tana ce wa matar tela, "Mutumin nan akwai naci. Amma ba zan ce wa bawan Allah na yi alhali ban yi ba." Sai ta tashi tana mita, ta ɗauko kwalbar, ta ɗura wa yaron, ta danna. Wayata ta yi ɗan motsi a ƙugu inda nake soke ta.

Haka damina ta wuce. Kwalba ta ƙare aka sayo wata. Yaron bai yi jijjiga ba.

Wata Asabar Injiniya ta zo ba ta nemi tuwo ba. Ta ja ni ɗaki. Ta ce teloli sun dame su. A shago ɗaya za ka ga masu gida biyu suna aika wa yaro ɗaya aiki, bai san na wa zai fara ba. Wasu kuma sun mayar da abin wasa, suna aika wa juna aikin ƙarya, har an yi faɗa a wani shago a unguwar Madagaskar. Kowa cewa yake wayar ta riƙa faɗin sunan wanda ya aiko kafin saƙon.

"Mutum ɗaya ce ke son a ɓoye, matarmu. Ke."

"To ki bar mini nawa yadda yake."

"Na yi ta gardama, sun rinjaye ni. Sun ce nan gaba ƙila a yi wanda mutum zai zaɓa, amma ba yanzu ba. Jibi sabon zai sauka a wayoyi da kansa." Ta ce akwai dabara. Za ta iya mayar da aikin ya riƙa tashi daga wayarta, sai ya faɗi sunanta ita.

Na tambaye ta, "Koren fa, wurin wa zai je?"

"Wurina."

Na tuna yadda Hajiya ta ce mata to a wancan karon. Na kuma ga kaina na koma ɗaga kwalba wajen taga, ina jiran Asabar in ji labari daga Elig-Edzoa. Ban san wanne ya fi ba. Na ce a bar shi yadda yake. Ta kalle ni ta ce, "Kin tabbata?" Na ce ban tabbata ba, a dai bar shi.

Ranar da abin ya sauka, bayan magariba, ina bakin murhu. Matar tela tana famfo tana wanke kwanuka. Wayar Hajiya ta yi ƙara, wata murya ta inji ta faɗi sunana tiryan-tiryan, ta ce ni na aiko, sannan mutumin kudun ya biyo da nasa, lokaci na magani ya yi. Matar tela ta kashe famfo. Ni na ci gaba da tuƙi, tuwon da ya riga ya tuƙu.

Hajiya ta daɗe a kan darduma. Mutumin ya sake magana. Ta ce, "Ashe kai ma ɗan aike ne." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ina jin ƙarar kwanuka, ina jin yaron yana tirjewa, ina jin ta tana cewa, "Buɗe baki, mijin banza, tun kafin a aiko mana da 'yan sanda." Wayata ta motsa a ƙugu.

Kwanaki Hajiya ta yi tana amsa gaisuwata da ka. Matar tela ta sa mini suna likita, ya bi ni har layi. Maigidana ya ce da na yi shawara da shi. Hajiya ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ba ta kuma ce a cire abin daga wayarta ba. Sai wata safiya ina shara ta fito da cokalin a hannu, da danƙon siro a jikinsa, ta ajiye a bakin ƙofata ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "A wanke wannan, da yamma a kawo mini." Na ɗauka na kai famfo.