Ranar da Na Yi wa Littattafai Jere

Shekarun baya, cikin wata damina mai yawan ruwa, wannan abin ya faru da ni. Marka ce ta zauna mana, rana sai dai ta leƙo ta koma, wanki ya yi kwanaki a igiya bai bushe ba. Zamanin soja ne, taki ya yi wuya, kowa a garinmu Fulatan fargabarsa kada gyaɗa ta ruɓe a ƙasa. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai maganar 'yata ce.

'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Mahaifinta malamin dagaci ne, shi ya tsaya ta yi boko, daga makarantar horon malamai har ta kai ga digiri a fannin koyarwa. Ni iyakata ajin yaƙi da jahilci: ina karanta Hausa a hankali, ina iya rubutu, na san lambobi. A lokacin tana aure a Karaye, tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, da ɗanta namiji a goye. Makarantar tana da wani ɗaki da aka tara littattafai aka kulle, ba mai shiga sai ɓera. Ita ta roƙi shugabar makarantar mabuɗin, ta share, ta gyara, har yara suka fara shiga suna aro.

Sai ga magana daga ma'aikatar ilimi cewa za a ba ɗakin ma'aikaci na dindindin. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance yana da shaidar koyarwa, yana kuma da shaidar karatun aikin laburare. Ta farkon tana da ita, ta biyun ce babu. Shugabar ta nema mata izinin ƙaro karatu na shekara guda, jami'a a Zariya ta ba ta gurbin difloma irin wadda ake yi bayan digiri. In ta je ta dawo, ɗakin nata ne. In ba ta je ba, za a turo wani daga Kano, ita ta miƙa mabuɗi. Da kaka za a fara karatun, kuma ba a zama da goyo a ɗakin kwanan ɗalibai. Yaron kuwa saura watanni ya isa yaye.

Ta zo gida ta same ni ina tankaɗe. Bayan mun gaisa ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Inna, so nake ki karɓe shi yaye da kaka."

Na ce, "Da kaka? Yaron da ko haƙoransa ba su gama fitowa ba?"

"Yana cin tuwo, Inna. Yana shan kunu."

"To shi maigidan naki me ya ce?"

"Shi ya yarda. Hajiyarsu ta Gwangwan ce ta ce ba za a cire mata jika daga nono saboda gadin littattafai ba. Ya ce in ke kika karɓa, kika je kika same ta, shi ke nan."

Maganar gaskiya, ra'ayina bai yi nisa da na Hajiyar ba. Na ce, "Ke 'yar nan, har yanzu karatun bai isa ba? Digiri guda bai ishi mutum ya ɗora littafi a kan katako ba? Ni da ban yi bokon ba, wace amarya ce a garin nan ban yi wa jere ba?"

Ba yabon kai ba, a wancan lokacin in za a kai amarya ni ake aikowa in jera mata ɗaki. Kwalla a ƙasa, samira a kanta, sai langa, sai ƙananan tasoshi har kusa da rufi, ja da ja, mai fure da mai fure. Mata sukan tsaya bakin ƙofa suna guɗa. To a ganina littafi bai fi kwalla wuyar zama ba.

Murmushi kawai ta yi. Na ce mata, "Bari mu gani." Duk wanda na haifa ya san in na faɗi haka, a'a nake nufi. Bayan ta tafi Malam, mahaifin nata, ya tambaye ni, "Kin taɓa ganin ɗakin nan kuwa?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To je ki gani tukuna, in ya so ki hana."

Ranar kasuwar Karaye na bi wani mai babur, muka sha taɓo har gwiwa. Na same ta a makarantar, ana hutu, ita kaɗai da yaron. Ashe rufin ɗakin ya yi yoyo, ta sauke littattafan duka daga kantoci ta tara su tsibi-tsibi a kan tebura su sha iska. Kafinta ya gyara rufin, kantocin sun bushe, saura mayarwa. Ko ruwa ban gama sha ba aka aiko shugaba tana nemanta, za su je ofishin ilimi. Ta shimfiɗe yaron yana barci, ta ce, "Inna, ki zauna ki huta, yanzu zan dawo. Kada ki wahalar da kanki da komai."

Na zauna. Na dubi teburan nan, babba a kan ƙarami, ja a jikin baƙi, dogo kusa da gajere. Raina ya ƙi. Na ce a zuciyata, yarinyar nan da digirinta ko jere ba ta iya ba, shi ya sa take ganin sai ta je Zariya. Na tashi na ɗaure ƙugu da mayafi. Manya masu nauyi na sa su a ƙasa, matsakaita a tsakiya, ƙanana a sama. Jajaye na ba su bangon gabas, koraye da shuɗaye na yamma. Na lura kowane littafi akwai 'yar farar takarda manne a ƙeyarsa da lambobi, na ɗauka kuɗinsa ne aka rubuta. Kafin azahar na gama, na share, na koma na zauna ina fifita kamar ban yi komai ba.

Da ta dawo, a bakin ƙofa ta tsaya. Na ji ta ce "Innalillahi" a hankali. Ta shigo ta zauna a benci, ta dubi gabas, ta dubi yamma, sai dariya ta kama ta har da hawaye.

Ta ce, "Wallahi Inna ya yi kyau. Ko ɗakin 'yar hakimi albarka."

Na ce, "To hawayen na mene ne?"

Ta ɗauko littafi guda ta nuna mini 'yar takardar nan. Ta ce lambar ita ce gidan littafin. Na addini suna da unguwarsu, na lissafi suna da tasu, na noma, na tarihi, kowanne lambarsa tana bin ta ɗan uwansa. Tsibin da na gani a kan tebur, a jere suke tsaf yadda ta sauke su. Ni ce na zo na raba kowa da danginsa.

Ban yarda nan take ba. Na ce ai ga su nan a fili, duk wanda ake so a miƙa hannu a ɗauko. Ta ce, "To, akwai wani ɗan littafi na Hausa a kan abincin yara da yaye, na so in nuna miki shi yau. Da safe ko ido rufe zan ɗauko shi."

"Wane launi ne?"

"Kore."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na nufi bangon yamma da ƙarfina. Ashe korayen sun cika kanta sun tumbatsa, na lissafi, na Turanci, na kiwon kaji. Muka yi ta zarowa muna mayarwa, muka yi sallah muka dawo, yaro ya farka aka ba shi nono, muna nema. Sai wajen la'asar ya fito, a cikin shuɗaye, don danshi ya koɗar da bangonsa ni kuma na yi masa hukunci da ido.

Ta ce, "Kin gani, Inna, mu yini muke da shi. Yarinya kuwa ɗan hutun cin abinci kawai take da shi. In ta shigo ba ta samu abin da take nema ba, gobe ba za ta dawo ba."

Sannan ta ja ni kusurwa inda aka jibge kwalaye. Ta ce gudummawa ce aka kawo tun bara. Lambobin da na gani a tsofaffin, wani ne ya sa su tun kafin ta zo, ita bi kawai take yi. Sababbin ba ta san lambar da za ta ba su ba, ba ta san yadda ake rubuta musu katin da mai nema zai duba ba, kuma tana tsoron ta yi da ka ta ɓata. Abin da za ta je koyo ke nan. Na ɗaga kwali ɗaya, sai gindinsa ya zube. Gara ta riga mu.

Na ce, "To shi wanda za a turo ɗin, ba zai iya ba?"

"Zai iya, wataƙila ma ya fi ni. Amma namiji ne, kuma daga Kano zai riƙa zuwa. Kin san 'yan matanmu, ba wadda za ta shigo ta zauna ita da shi a ɗaki. Kulle shi za a sake yi."

Na juya na dubi jikana. Yaron yana zaune a tabarma yana gwaguyar dafaffiyar masara da 'yan haƙoransa. Na ce masa, "Kai angon nawa, za ka bi ni Fulatan, ko rowar kanka za ka yi mini?" Ya miƙo mini totuwar. Ban dubi uwar ba na ce, "Da an cire gyaɗa ki kawo shi."

Cikin makon na je Gwangwan. Hajiya ta tarbe ni da fura, da ta ji abin da ke tafe da ni ta ce, "Au, ke ma sun juya ki?" Na ba ta labarin jeren daga farko har ƙarshe, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ta nutsu ta ce, "Ni ba ruwana da lamba. In yaron nan ya rame, ke zan tambaya, ba uwarsa ba." Na ce na ɗauka. Ta ce kuma rubutun yaye daga wurin malaminta za a karɓo. Na ce wannan ma na yarda.

Ba zan ce an yi shi cikin sauƙi ba. Kwanakin farko ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Akwai lokacin da gudawa ta kama shi na goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi, ina tafe ina cewa a raina me ya kai ni. Allah ya ba shi lafiya, ya kama kunun gyaɗa da wake ya murje. Hajiya duk zuwanta sai ta ɗaga shi sama ta ji nauyinsa, sannan ta ajiye. Shekara gudan ma ta zarce saboda yajin aikin malaman jami'a. Amma ta gama, ta kawo shaidarta, ma'aikata ta tabbatar mata da ɗakin, kuma ita ta riƙe shi har ta yi ritaya.

Abin da ya zauna mini tun daga ranar shi ne, in na ga mutum yana aikin da ya yi kama da nawa, ba na saurin cewa na iya. Ni jerena don ido ne, a tsaya a bakin ƙofa a yaba. Nata don mai nema ne. Har yau in muka haɗu wurin biki aka zo maganar jere, takan sunkuyar da kai tana danne dariya, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

A idon jama'a dai da kaka aka yi yayen. Amma ni a wurina tun washegarin ranar jeren aka fara shi. A Karaye na kwana. Da safe na karɓi yaron na goya shi a bayana, muka koma makarantar. Ban taɓa rushe jeren da na yi da hannuna ba sai ranar. Na fara daga jajayen bangon gabas, ina zarowa ɗaya bayan ɗaya, ina karanta lambar da ƙarfi yadda aka koya mana a aji, ita kuma tana karɓa tana kai kowanne gidansa.