Saƙin Ƙanena a Kasuwar Bur Dubai

Lokacin da nake yaro, in ka ga zane a jikin mace a garinmu kana iya faɗin gidan da aka saƙa shi. Yanzu in ka tambaya, sunan wata ƙasa za a faɗa maka.

Na zo Dubai a 2016, bayan na gaji da yawon duniya, na zauna wajen ɗana a Al Muraqqabat. Da yake ina jin Larabci, kuma na tsinci Indiyanci a shekarun da na yi a Bombai, sai 'yan kasuwar Kano suka mai da ni tafinta. Mu hau kwale-kwale mu haye Bur Dubai, su yi ciniki, ni in sha shayi.

A can na saba da wani Ba'indiye mai shagon sari, wato dogon zanen nan da matansu ke naɗawa. Ƙasan shagon kayan inji ne, su mutanenmu ke saye. A sama yake ajiye saƙar hannu, nan yake kai ni in ba kowa. Ya nuna mini na Banaras mai zaren zinare, da na Kanchipuram da ake saƙa bakinsa daban a sarƙe shi da jiki, da na Bengal wanda kana iya ganin tafin hannunka ta cikinsa. Akwai wanda ake rine zarensa tun kafin a ɗora a masaƙa, adon ya fito da kansa. Kowane gari da hannunsa. Yakan juya bayan zanen ya nuna mini ƙulli da zaren da ya karkace, ya ce abin da matansu ke nema ke nan. A gida kuwa da wannan ƙullin ake rage wa masaƙi kuɗi.

Na ga masaƙa a Bamako, na ga na Habasha da na Fas ta ƙasar Maroko, amma ban taɓa ganin inda ake alfahari da kuskuren masaƙi ba sai nan. Shi ya sa na tuna da ƙanena.

Shi kaɗai ya rage yana saƙa a gidanmu. Yana nan a rumfar mahaifinmu yana jefa ƙoshiya, yana fitar da zugu siriri, baƙi da fari, a haɗa a yi zane. 'Ya'yansa sun dame shi ya tashi, suna son wurin. Ya ce mini in ba a sami masu saye ba zai ba su. Na ce ya dakata, na samo masa kasuwa a Dubai. Na faɗi haka da muryar wanda ya ga duniya.

Ya aiko mini zannuwa ta hannun wata Hajiya mai safarar kaya. Mai shagon ya shafa, ya shinshina shunin, ya ɗaga wajen haske ya duba ɗinkin da ya haɗa zugu da zugu. Ya ce, "Haji, wannan mutumin ɗan'uwanmu ne." Ya jera su a sama kusa da na Banaras. Na ɗauki hoto na tura gida, aka yi ta kewayawa da shi a unguwa.

Sai dai ban lura da wani abu ba. Matar Bengal in ta hau sama, na Bengal take nema, irin wanda uwarta ta naɗa. Ta kudu ta nemi na kudu. Sukan taɓa namu su yaba, su tambayi daga ina, su wuce. Na ce to, bari in jawo namu mutanen. Na hau da Hajiyar nan, ta kalli zanen da ita da kanta ta kawo, ta kalle ni.

"Baba Alhaji, in biya biza da jirgi, in zo Dubai in sayi abin da kakata ke rufa da shi? Me zan ce wa mutane na kawo?"

Na ce mata hannu ne ya saƙa. Ta ce ai ta gani, shi ya sa ya karkace.

Wata da watanni zannuwan suna nan. Abin ya dami mai shagon fiye da yadda ya dame ni, don mutum ne mai kunya, ba ya son ya ga na hau na tarar ba a sayi ko ɗaya ba. Wata rana ya tare ni a ƙofa yana murmushi, ya ce ya yi mini abin arziki. Ashe ya aika zane ɗaya wata masana'anta a ƙasarsu. Ya warware mini bandir: saƙin gidanmu ne sak, baƙi da fari, amma faffaɗa, santsi kamar leda, ba ƙulli ko ɗaya. Har layin ɗinkin nan sun buga da fenti don kada a ce sun rage wani abu. Ya ce yanzu duniya za ta san aikin ƙanena. Har zuciyarsa yake nufi, don haka na yi godiya.

Wannan a ƙasa aka ajiye shi. Hajiya ce ta fara gani, ta ce ma sha Allah, ga abin gargajiya an gyara shi. Ni na yi mata tafinta ta saya da yawa, aka yi mata lodi a jirgi. Wasu suka biyo baya, har aka fara maganar kwantena.

Bayan an buɗe hanya daga kullen korona, aka yi bikin jikar ƙanena. Aka turo mini hotuna, matan gidan kaf sun yi anko da na injin nan. Ƙanena ya kira ni da kansa, yana dariya.

"Yaya, kasuwar taka ta iso. Na ga aikina a jikin kowa, ban kuma ji ciwon baya ba."

Na ce masa na asalin suna nan a sama, kusa da na Banaras. Ya ce su zauna lafiya, wuri mai kyau suka samu.

Bayan biki ya kwance masaƙar ya ba yaran rumfar, suka buɗe wurin cajin waya. Daga ranar ba a sake saƙa a gidanmu ba.