Malam Iro ya karya min asiri

Jama'a, tun shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir ban ga asara irin ta yau ba!

Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ba mu haruffa huɗu: M, E, A, T. Ta ce duk wanda ya haɗo kalmomin Turanci goma da su kafin la'asar, ya wuce aji na gaba. Na je gona ba takarda, sai na ɗauki kara ina rubutawa a laka, daidai iyakata da maƙwabcina Malam Iro. Meat. Team. Tea. Har na kai tara! Sai na tafi alwala.

Ina dawowa na tarar Malam Iro ya sako ruwan lambu a kan rubutun, yana ta tofa addu'a!

Na ce, "Malam Iro, lafiya?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, Malam Habu! Wani ya zana mana hatimi a iyaka. Haruffa iri ɗaya ana ta jujjuya su. So ake albasarmu ta ƙi yin kai!"

Na ce, "Aikin makaranta ne fa. Ni na rubuta."

Ya ce, "To, ko ma na mene ne, na dai karya shi."

Na ruga in tare ruwan kada ya wanke kwamin da muka shuka irin albasa, santsi ya kwashe ni! La'asar ta yi, uku kawai na tuna.

Abin da ya salwanta: kalmomi shida, kwami biyu na irin albasa, da takalmina na hagu.